Alade Mai Ƙafa Uku

Tun shekarar da Mitru ya ci naman aladen da ba a gwada ba, idanunsa suka kumbura, zazzaɓi ya tafi da shi, matarsa Gwaggo Veta ta zama mai binne aladun ƙauyen. Duk aladen da likitan dabbobi ya ce da tsutsa a namansa, bayan gidanta ake kai shi. Sai ta shimfiɗa ciyawa, ta kwantar da shi, ta rufe da kashin doki da garin katako. Tsibin ya ɗau zafi da kansa, zafin ya kashe tsutsar. Da rodi take gwadawa: ta soka, ta zaro, in hannu ya kasa riƙewa, to aiki na tafiya.

Dusar ƙanƙara takan rufe ko'ina ban da tsibin. Yana nan baƙi ƙirin, yana huci kamar mai barci. Karnuka ma ratsewa suke yi.

Bana abin ya faɗo kan Nelu, mijin 'yarta tilo Doina, wanda ya shekara yana kiwon alade don Kirsimeti, likita ya ce da tsutsa a naman.

"Mama, dubi ƙiba fa," in ji Nelu. "Tsutsar da sai da madubin likita ake ganinta, ita za ta ci ni?"

"Surukinka ma haka ya ce, ga shi can a maƙabarta. Kawo shi, sarkin wayo."

Ya kawo shi a daddatse cikin buhuna, ya zazzage da kansa, har da taya ta rufewa. Nelu da aiki? Ta yi mamaki, amma ta ƙyale.

Bayan mako biyar ta juya tsibin. Nama ya narke, sai ƙasusuwa masu ɗumi. Ba ta mayar da su sai ta jera su, al'adarta ke nan. Kai, haƙarƙari, kafaɗa biyu, cinya ɗaya. Ta tone har ƙasa, tururi na dukan fuskarta. Babu ta biyun.

Ko hannu ba ta wanke ba ta nufi gidan Nelu, tana roƙon Allah ya sa kare ne ya ja, ita da ta san karnuka ba sa zuwa wurin. Tun daga ƙofa ƙanshin banda ya tare ta.

Doina ta buɗe, tana murza fuska.

"Mama, lafiya kike haki? Kar ki kalle ni, kwana biyun nan idanuna sai kumbura suke. Shigo ki ci cinya, akwai saura. Nelu ne ya sayo mana a kasuwa."