Ƙanƙarar Kawu a Takardar Tsire

Jiya a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi wani mai tsire ya naɗe mini nama a takarda mai hoton tsauni lulluɓe da ƙanƙara. A gefenta na ga rubutun marigayi kawuna, tsohon malamin makaranta, da jan bironsa.

Na tuna ranar da ya ɗora dunƙulen ƙanƙara a kan yashi, yana tura shi a hankali, yana jan tsakuwa, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Ya ce mini, "Ka gani? Haka ta sassaƙe tsaunuka a zamanin da ta rufe su."

'Ya'yansa suna cikin soro suna dariya, wai boko ya taɓa shi. Ko kwana arba'in bai yi da rasuwa ba suka fitar da littattafansa.

Na kasa cin naman. Na goge maiƙon, na adana takardar.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu. Su kuma na bar su da Shi.