Akuyar da ke Kusurwar Zane

Morenike ta shekara ashirin da biyu tana zana adire, zanen rini na Yarbawa, a Abeokuta. Gashin kaza take tsomawa cikin ƙullun rogo ta yi ado a kan farin yadi, a shanya, sannan a kai marina. Duk inda ƙullun ya taɓa ba ya shan shuni.

A gidan aikinta na farko an kore ta saboda ta zana kwaɗo inda aka saba sa tsuntsu. Tun daga ranar ta kama kanta, abin da aka ce shi take yi.

A gidan Iya Abeke kuwa, inda ta koma, akwai wata al'ada: kusurwar ƙarshe ta kowane zane ta mai zanen ce, uwar gida ba ta dubawa sai ya fito daga rini. Shekara biyu Morenike tana cike tata da cokula, adon da kowa ya iya.

"Anti Cokali," in ji Iya Abeke, "gidan abinci za ki buɗe mana? Na ce kusurwarki ce!"

Sai aka kawo aikin anko, zane arba'in na bikin binne Baba Ladipo, direban babbar mota da ya rasu yana da shekara casa'in da biyu. Duk unguwa ta san akuyarsa, wadda ba ya tafiya sai da ita a gidan gaba. Morenike ta zana motar a kusurwar zane na farko, ga akuya ta leƙo ta taga. Sai da aka tsoma shi a shuni hankalinta ya dawo. Ta tattara gashin kajinta ta ƙulle a ɗankwali, tana jiran kora.

Bolanle, babbar 'yar marigayin, ta zo ganin samfuri. Ta ware zanen, ta kai ido kusurwa. Can ta ƙwala ihu.

"Wayyo, ga Baba! Ga ja'irar akuyar da ta cinye min katin jarrabawa!"

Ta yi ta dariya da hawaye har gwaggwaronta ya faɗi cikin ƙwaryar ƙullu.

"Duka arba'in ɗin nake so da ita, Iya. A ƙara mata gemu!"

Iya Abeke ta dubi ƙullin ɗankwalin.

"Ina zuwa, Anti Akuya? Kwance kayan nan, saura talatin da tara."

Morenike ta kwance, ta yi taku uku na rawa kafin ta zauna. Tun daga ranar ba ta ƙara zana cokali a kusurwarta ba. Bara ma ta zana jirgin ƙasa cike da kaji.