Karan da Baba Tsoho Yake Auna Mota da Shi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Malam Hadi Direba, wanda duk gidanmu muke kira Baba Tsoho. Ranar da na dawo hutu daga makarantar kwana, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne motarsa. Tana nan inda ya saba ajiye ta, gindin darbejiyar ƙofar gida, amma ta kwanta. Tayoyinta huɗu sun shige cikin jikinta, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, har wata kaza ta gwada shiga ƙarƙashi ta fasa. Na tsaya da akwati a hannu ina kallonta, sai da Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ce in shigo in gaida mutane.

Tsohuwar jif ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba Tsoho ya daɗe yana tuƙa ta a wajen wasu masu aikin noman rani a Watari, da suka tashi suka bar masa ita. Ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba kamar sauran motoci. A bayan kowace taya akwai jakar roba mai kauri da ake kira balan-balan, akwai kuma ƙaramin kwampireso da yake hura musu iska. Idan aka tada ta sai a ji yana gurnani, ita kuma ta miƙe a hankali kamar raƙumin da aka gama ɗora wa kaya. Wannan miƙewar ce amfaninta gare mu. Tsakanin ƙauyenmu da titin Zakirai akwai kwari da ruwa yake cikawa da damina. Ƙananan motoci ba sa shiga, babur kuma ba ya ɗaukar mai naƙuda. Ita kaɗai take ƙara tsawo ta haye. A cikinta aka kai Inna asibiti lokacin haihuwar ƙanwata, da mata da yawa na maƙwabta.

Ni ba mai magana ba ce, tun ina ƙarama. Shi ya sa yake barina in zauna a kan turmi kusa da shi idan yana duba ta. Yakan ce, "Hajiya Shiru, matso. Ke kaɗai ce a gidan nan ba kya koya mini aikina."

Ban taɓa ganin ya fara da sifana ba. Idan motar ta soma kwana a ƙasa, sai ya jira bayan la'asar ya tada ta, ya bar ta ta miƙe sosai, ya kashe. Daga nan ya ɗauko wani karan dawa da ya yanka don wannan aikin, ya dafa shi a ƙasa kusa da kowace taya, ya ja layi da gawayi daidai bakin ƙarfen da ke saman tayar. Layi huɗu, kowanne da alamarsa. Sai ya buɗe bonet ya zare fis guda ɗaya ya jefa a aljihu.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye shi dalilin zare fis ɗin. Ya ce, "Motar nan ba ta son ƙafa ɗaya ta fi wata. Ko a kashe take, idan ɗaya ta yi yoyo ta sauka, sai ta sauke sauran ukun su daidaita da ita. Da safe ki tarar duk sun kwanta, ki rasa mai laifi. Idan na ɗauke mata wannan, ba ta da yadda za ta rufa wa kowa asiri."

Haka kuwa ake yi. Da safe, bayan ya sha koko, sai ya sake zagayawa da karan. Uku suna nan a kan layinsu, ɗaya ta sauka. Wannan ɗayar kaɗai yake bi da ruwan sabulu da soso, yana shafawa yana jira, har kumfa ta fara tasowa a wurin da iska take fita. Wani lokacin ma ba balan-balan ɗin ba ne, bakin wani siririn tiyo ne ya tsage, ya datse shi da reza ya mayar. Da idonsa ya fara rauni, ya ce in kawo ragowar jan farcen sallata, ya ɗiga a jikin akwatin da fis-fis suke jere, gefen fis ɗin, don kada ya riƙa zare wani.

Da wuta ma haka yake. Wata shekara da kaka fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, motar ta ƙi miƙewa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce ƙwaƙwalwarta ce, wato na'urar da take sarrafa ta, ta ƙone. Baba Tsoho ya shiga ya zauna, ya shinshina, ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya fito da ɓawon gyaɗa. Ashe matan gida ne suka ga mota tana kulluwa, awaki ba sa isa ciki, suka mai da bayanta wurin ajiye irin gyaɗa. Ɓeraye suka bi gyaɗa, suka ƙarasa da waya. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya ɗaura wa wani ƙaramin ƙwan fitila waya biyu, ya riƙa taɓa wayoyin motar taƙi bayan taƙi, inda ƙwan ya kama ya wuce, inda ya ƙi ya tsaya. Kwana biyu ya yi kafin ya kai ga wurin da aka gwigwiye.

Bayan rasuwarsa motar ta koma hannun Baffa Garba, ƙanin mahaifina. Ba zan ce bai yi ƙoƙari ba. Da ta fara kwanciya ya kai ta Bacirawa wajen wani bakanike mai na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Na'ura ta ce kwampireso ya ƙone, aka sa wani. Bai daɗe ba shi ma ya tafi. Fis ɗin kwampireson ya riƙa ƙonewa, sai wani ya naɗe shi da waya don ya daina. Yanzu na uku ne a ciki, yana ɗaga ta da ƙyar, yana ɗaukar zafi.

Nakan yi tunanin abin da Baba Tsoho zai ce da ya ga wannan na'ura. Ba na jin zai raina ta. Mutum ne mai son sabon abu, na tabbata zai karɓa ya jujjuya ta, ya nemi a nuna masa yadda take karatu. Amma na san tambayar da zai yi: ta ce ya ƙone, to ta faɗi abin da ya ƙona shi? A wajensa na ji cewa idan iska tana zurarewa ta wani wuri, kwampireso ba ya samun hutu, yana hurawa tana fita har ya ƙare. Fis kuma saboda shi yake mutuwa. Wanda ya naɗe shi da waya ya toshe bakin mai yi masa gargaɗi ne.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi masa addu'ar cika shekara huɗu, aka raba waina. Da mutane suka watse, iyayena maza suka rage a zaure. Na kai musu ruwa, na ji Baffa yana cewa ya gaji. An gaya masa balan-balan huɗun duk sun mutu tunda duk sun kwanta, wataƙila har da ƙwaƙwalwar. Ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan, ranar kasuwar Zakirai za su zo su kwashe ta. Babu wanda ya musa. Cikin Inna wata bakwai ne, haihuwarta za ta faɗa tsakiyar damina. Ba a faɗin irin wannan a zaure, amma na ga mahaifina ya ajiye kofin bai sha ba.

Washegari na ɗaga kai a zauren, na hango karan a soke cikin rufi, inda yake ajiye shi. Na hau turmi na zaro. Ya bushe, gara ta ɗan taɓa gindinsa, amma layukan gawayin suna nan.

Baba Tsoho bai bar gida mai bene ba, bai bar shago ba, ko hotonsa guda biyu ne kawai a gidan. Tufafinsa an rabar. Motar ma tana iya tafiya jibi. Abin da na ga ya rage shi ne yadda yake bin abu: a duba kafin a kwance, a nemo guda ɗayan da ya jawo sauran, kada a yanke hukunci da yamma kan abin da safiya za ta nuna. Ban sani ba ko ina da gaskiya. Mai yiwuwa huɗun duk sun mutu kamar yadda aka ce. Amma babu wanda ya auna.

Yau bayan la'asar na tarar da Baffa shi kaɗai a gindin darbejiya. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa tashi, na kasa ci gaba. Ya dubi karan da ke hannuna, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Hajiya Shiru, yau baki zai buɗe ke nan?"

Na ce, "Baffa, alfarma nake nema. Don Allah ka tada ta sau ɗaya ta miƙe, ka buɗe mini bonet. Akwai fis mai jan ɗigo a gefensa, ka zare shi ka riƙe a aljihunka. Kada ka bari kowa ya taɓa ta sai na auna da safe."