Irin Albasa da Mota ta Biyar

Wautata ita ce ina ganin na iya lissafi, alhali aji biyu na yi a firamare anka sallame ni saboda barci.

Jabo zuwa Tambuwal

Ƙarfe biyar da rabi na bar Jabo bisa babur, da buhu biyu na irin albasa na dashe. Na gyara fadamata a garinmu Kebbe, kuma na rantse irin nan zai kwana cikin ƙasa. In rana ta dafa shi a hanya, ba ni ba noman rani bana. A tashar Tambuwal na sha kunu a tsaye, ƙarfe bakwai motar Ɗan'iya direba ta cika munka tashi.

Shingen bincike

Takwas saura kwata munka iske layi. Jami'ai huɗu ne kacal, da ƙarfen soka buhu guda. Na zura ido, sai na gane dabararsu: mota huɗu su wuce, ta biyar a sauke ta kaf. Na ƙirga da tasbaha. Mu ne na biyar.

Na ce, “Ɗan'iya, buɗe gaban mota ka zuba ruwa, wani shi wuce.”

“Baba Altine, kai da ko lambar motar ba ka iya karantawa?”

“Karatu daban, ƙirga daban. Sauka!”

Ya sauka. Wata a-kori-kura lulluɓe da tamfol ta shiga gabanmu. Ina murmushi sai na ga an ɗaga mata hannu ta wuce, mu anka nuna muna gefe.

Kayan kowa sunka sha suka, nawa anka zazzage a ƙasa. Wata mai daddawa ta ce, “Allah shi ƙara ilimi, malamin lissafi!” Ban kula ta ba. Na kwance rawanina, na juye masa ruwan buta, na rufe irin, na tsaya a kansa ina yi masa inuwa da babbar riga har minti arba'in.

Na ce wa babban jami'an, “Ranka shi daɗe, ai mu na shida ne.”

Ya ce, “Baba, in mun sauke kowa, layin nan sai ya kai Tambuwal, kuma ba mu da mutanen yin haka. Shi ya sa muke ƙirga a fili. Wanda ya guji biyar, shi muke so.”

Kebbe

Goma da rabi na isa. Ban shiga gida ba, fadama na nufa. Kamar kashi ɗaya cikin uku na irin ya yi yaushi. Sauran na dasa kafin la'asar, bayana kamar zai karye. Alhamdu lillahi, na gode wa Ɗan'iya da bai yada ni a daji ba.

Abin da ban gaya wa iyalina ba shi ne maganar jami'in nan sa'ad da nike ɗaure buhu. Ya ce, “Mai tamfol ɗin da ka ba wurinka, ba mu duba ta ba, hannunmu na kanka. Kebbe ta nufa. Ko ka san abin da ke cikinta?”