Notunan Da Ka Bari A Sassauce

Ranar Laraba, sha tara ga watan Maris, da hantsi, matarka ta kira ni a waya. Tun daga yadda ta yi sallama na san babu lafiya. Ta ce, "Yaya, ƙaninka ya cika." Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ina tsaye a bakin ruwa a lokacin, gefen jirgina da ke kan tudu, ina kallon tagogin da ka sa mini kafin ciwon ƙirjin nan ya kwantar da kai.

Kai ɗan kawuna ne, taubashina, kuma ni ne babba. Na sha gaya maka cewa ni zan riga ka, kai za ka tsaya kana yi wa masu gina kabari gyara. Sai ka ce ai ko mutuwa ta zo mini sai na tsaya cinikin kuɗin mota da ita. Yau babu mai rama mini wasa, kuma abin ya fi yadda na zata ciwo.

Duk bakin ruwan nan babu mai kiran ka da sunan yanka. Bari-Ya-Kwana muke ce maka, domin amsarka ke nan ga duk mai gaggawa. Aikinka sa tagogin jiragen ruwa, aikin da mutane ke ɗauka gilashi ne kawai da firam. Rumfarka cike take da gwangwanayen madara, kowanne da irin notunan da ke ciki, ga warin banish da ke bin rigar mutum har gida. Wata rana na kawo maka notunan baƙin ƙarfe daga kasuwa, ina ta yabon kyallinsu. Sai ka jefa ɗaya a gwangwanin ruwa tare da na tagulla, ka tura ƙarƙashin benci. Da na dawo bayan wani lokaci ka ciro su ka ɗora mini a tafin hannu, nawa ya yi jajir da tsatsa, naka kuwa kamar jiya aka saye shi. Ka ce, "Ga surukinka nan, ka tafi da shi gida."

Ba ka haɗa firam ɗin alminiyam da kowane irin noti, domin ka ce akwai ƙarafan da ba sa zaman lafiya da juna idan ruwa ya shiga tsakaninsu. Ba ka yarda a shafa fenti a kan noti, saboda wata rana wani zai zo kwancewa, kuma ba ka so ya tsine wa wanda ya ɗaure. Firam ɗin katako kuwa sai ka goge shi ya yi sumul, ka shafa banish, ka bari ya bushe, ka sake gogewa, ka sake shafawa, har mai jirgi ya gaji da zarya. Na taɓa tambayar ka dalilin da ya sa kake ɓata lokaci wajen dasashe bakin firam na ciki, inda babu mai dubawa. Ka ce yara nan suke ɗora haɓa idan suna kallon ruwa. Shekaru ina ɗaukar fasinja, ban taɓa lura da haka ba sai da ka faɗa.

Amma abin da ya jawo maka sunan nan shi ne yadda kake ɗauri. Idan ka shimfiɗa danƙo tsakanin gilashi da jikin jirgi, ba ka matse notunan a ranar. Kana ɗaure su rabi, ka bar danƙon ya zauna ya yi jiki, sannan ka dawo bayan kwanaki ka ƙarasa. Wanda ya matse tun yana ɗanye, danƙon zai tsarto waje, ruwa ya sami hanya. Wanda ya wuce ƙima daga baya, gilashin zai tsage. Haka ka yi wa jirgina. Ka ɗaure rabi, ka goge hannu da tsumma, ka nuna ni da sukundireba ka ce, "Kada wannan hannun naka na matuƙi ya taɓa mini su. Zan dawo." Washegari aka kai ka asibiti.

Bayan an yi maka sutura na koma bakin ruwa, na zauna ina kallon aikin. Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Jirgin nan shi ne abincin gidana, kuma ba zan ɗauki 'ya'yan mutane a cikinsa da tagogi a sassauce ba. Masu sa taga da na tuntuɓa sun ce ba su san iyakar inda ka tsaya ba, sai dai a ciro komai a sake daga farko. Na kasa amincewa a ɓamɓare aikinka na ƙarshe, na kuma kasa taɓa shi. Jirgin ya ci gaba da zama a kan tudu, lulluɓe da tamfol.

Matarka ce ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakinku, akwatin kayan aikinka a gabanta. Ta miƙo mini sukundirebar nan mai ƙotar katako da hannunka ya cinye. Ta ce a asibiti, lokacin da numfashi ke yi maka wuya, jirgina ne ke ta dawowa bakinka.

"Ya ce in gaya maka, Yaya, ka juya a hankali. Idan tsagar kan notin ta miƙe tsaye, ka cire hannunka. Na manta ne saboda hidimar makoki, ka yafe ni."

Sai a lokacin na tuna. Duk tagar da ka gama, tsagar kan notunanta a tsaye take, daga na farko har na ƙarshe, don kada ruwa ya kwanta a ciki. Har ƙofar kabad ɗin kicin ɗinku haka take. Na sha yi maka dariya a kan wannan, ina cewa iyayi ne.

Da safe na yaye tamfol. Kowane noti tsagarsa a karkace take, duk gefe guda. Na sa sukundireba a na farko, na juya kaɗan, tsagar ta miƙe, na ji ya kama daram. Na biyu ma haka. Ashe tun ranar ka auna, ka bar wa kowanne daidai abin da ya rage masa, babu ƙari babu ragi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, taga bayan taga, babu gilashin da ya yi ko ƙara.

Na ƙarshen ne ya gagare ni. Ban yi kuka a maƙabarta ba, amma a nan na zauna a kujerar fasinja na yi mai isata. Muddin notin nan yana karkace, akwai aikin da ka ce za ka dawo ka ƙarasa. Na daɗe riƙe da sukundirebar, har yayyafi ya fara sauka a kan gilashin. Sannan na tashi na juya shi.

An yi ruwa mai ƙarfi a ranar, ko ɗigo bai shiga ba. Jiya na ɗauki fasinja, wata ƙaramar yarinya ta ɗora haɓarta a kan firam tun daga tashi har sauka.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'ya'yansa, da kawu wanda tsufa ya sa ya ga wannan rana, da duk abokan aikinsa na bakin ruwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Sukundirebarka tana wurina, ɗan kawu. Na ce zan mayar wa matarka, har yanzu ban iya ba.