Gorar Yaya Bala a Bakin Lambatu

Damina talatin ke nan da aka kai Yaya Bala makwancinsa. Da damina nake ƙirga rashinsa, don shi ma da ita yake ƙirga komai. Daminar Douala kuwa ba ta san wasa ba, sai a yi mako guda ruwa na dukan kwano, rana ba ta ko leƙo ba.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana aiki a wata tashar binciken itatuwa, ni kuma ina buga tafireta a wani ofis. In an tambaye shi aikinsa, sai ya ce yana duba yadda ganye ke girki: ya sha hasken rana, ya haɗa da iska da ruwa, ya dafa wa itace abinci. Innarmu takan ce duk Faransancin da ya sha, a leƙen tukunyar ciyawa ya ƙare.

Da shekarun kiriz suka zo, wato matsin tattalin arziki, aka yanke albashi, aka shiga sallamar ma'aikata, sunansa ya fito a ciki. Abokan aikinsa wasu sun hau baburan haya da ake kira bensikin suna ɗaukar fasinja, wasu sun koma ƙauye. Shi ya dawo gidanmu na unguwar New Bell da rula, da fensir, da takarda mai ƙananan gidaje, ya ci gaba da aikin da ba wanda ya sa shi. A bayan gida, bakin lambatu, akwai gorar da ya dasa, wadda 'yan gari ke kira bambu, ta yi kurmi har ta wuce rufin ɗaki.

Kullum bayan asuba zai kafa tsani, ya tsinko ganyen sama da na ƙasa, ya shimfiɗa a takarda, ya zagaye da fensir, ya ƙirga gidajen. Ya sha nuna mini cewa ganyen ƙasa ya fi faɗi da laushi, don a inuwa yake, dole ya buɗe ya tari ɗan hasken da damina ta rage masa. Na sama kuwa siriri ne mai tauri, in rana ta yi zafi sai ya naɗe kansa. Ya ce tohon da ke fitowa da damina yakan yi tsawo sosai kafin ya fid da ganye ko ɗaya, abin da tsofaffin ganye suka tara a saiwa yake ci. Ni dai kunnena ba ya wurin. Kunya nake ji. A New Bell ba a ɓoye komai, katanga na jikin katanga, ga ƙaton mutum mai takardun makaranta a kan tsani cikin ruwa yana awon ganye. Har aka fara cewa kiriz ta taɓa masa kai.

Sai zazzaɓi ya kama shi ya ƙi saki. Matan da ke zuwa dubiya suka ɗora wa gorar laifi. Wata ta ce sauro, wata ta ce danshi, wata ta rage murya ta ce iska. Ban yarda da zancen iska ba, amma na tsani gorar nan, na kuwa samu hujja. Yana kwance a asibiti na kira maza biyu da adduna. Kafin azahar sun kwantar da ita duka. Inna ta bi ni da kallo.

Ranar da aka dawo da shi, ya dafa bango ya zaga baya. Ya daɗe a tsaye yana kallon kututturan. Na riga na shirya amsa, ina jira ya yi faɗa in zazzage masa.

"Ladi," ya ce, "kin sa sun tone saiwar?"

"A'a, Yaya."

"To, c'est bien, ya yi kyau. Ki bar ta haka, petite sœur, ƙanwata."

Ya koma ɗaki. Bai sake tada zancen ba, ni ma girman kai ya hana ni cewa ya yafe mini. Kafin daminar ta ƙare ya rasu. Na yi shekaru ina tambayar kaina ko da haushina ya tafi, kuma tambayar ta hana ni sakat.

Da damina ta zagayo, gorar ta toho, sirara kamar yatsa. Ban taɓa ta ba, ban kuma iya kallonta ba. Sai bayan rasuwar Inna, shekara goma sha bakwai da tafiyarsa, na buɗe akwatinsa na tarar da littafin awon. A shafin ƙarshe ya rubuta ranar da aka sare gorar, babu kalmar zargi ko ɗaya. A ƙasa ya ja layuka ya shirya gurbin damina mai zuwa, ganyen sama gefe, na ƙasa gefe. Inda ya saba rubuta sunansa a matsayin mai awo, ya rubuta Ladi. A nan ƙasa na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Nakan ce da zai leƙo yau, me zai gani? Maƙwabtanmu na gabas sun tada bene hawa uku, rana ba ta shigo mana sai ta kusa tsaka. Yara suna ɗaukar hoton ganye da waya, ta faɗa musu sunansa. Na san zai yi dariyar nan tasa, ya tambaye su ko wayar ta faɗa musu dalilin da ganyen ya ƙara faɗi. Ya kuwa ƙara. Na gwada da zanen da ya bari, ganyen ƙasa na yanzu ya fi nasa faɗi tun da benen nan ya tare haske.

'Ya'yana sun matsa a tone saiwar, a zuba siminti, a yi shago. Na ce su jira ranar da za a fitar da ni. Suna ganin tsufa ne, wataƙila ma suna faɗin abin da aka faɗa a kansa.

Wasu safiyoyin sama a bushe take, amma ruwa na ɗiga daga bakin ganyen, ɗis, ɗis, a kan kwanon bayan gida. Ya taɓa gaya mini saiwa ce ke turo shi sama. Na san bayanin, duk da haka tsigar jikina takan tashi, domin da irin wannan sautin Yaya yake buga fensir a kan littafi in yana ƙirga.

Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, tashar da ya yi wa aiki ma ba na jin akwai mai tuna shi a can. Saiwar nan ya bari, da aikin da ya ba ni bayan na yi masa ɓarna. Duk damina ina ɗaukar rularsa ina cika layukan, ko da yake ban san abin da lambobin ke nufi ba. Ganyen ƙasa kaɗai hannuna ke kaiwa. Lokacin da na ga sunana a littafin, ƙafata ta riga ta daina hawa tsani, don haka gurbin ganyen sama yana nan babu komai, yadda ya bar mini shi.