Muryar da Ta Riga Amshi

A gidanmu na Kaikai tatsuniya ba kyauta ba ce, sai da ɓarar gyaɗa. Idan an kawo amfanin gona gida, sanyi ya fara shigowa, kakarmu Inna Dije takan sa a tara mata karan dawa a ƙofar ɗakinta. Ana idar da isha'i za ta hura wuta, ta juye mana gyaɗa a tabarma, mu kewaye ta. Wanda hannunsa ya tsaya, bakinta ma ya tsaya. Ni ne shugaban malalatan jikokinta, kuma ni take kira angonta.

"Ango, hannun ya mutu ne?" in ji ta. "Miji bai ciyar da ni ba, ɓarar ma ta gagare shi. Ni kau na ga aure."

Muryarta ba ta da daɗi, gara in faɗi gaskiya. Kaushi gare ta, kamar ana jan turmi a ƙasa. Amma da wannan muryar ta yi shekaru tana amshi a bayan Ta-Bauranya, zabiyar da ita da matanta suke kiɗan ƙwarya a gidajen biki da suna tun daga Kusada har Kankiya. Kowa ya san Inna da hali ɗaya: ba ta iya jira. Kafin sauran 'yan amshi su ja numfashi ita ta riga ta faɗa. Ta-Bauranya ta yi faɗa har ta gaji ta ƙyale ta.

Inna ba ta buɗe tatsuniya kamar kowa. Cewa take, "Ga ta can ta taho da sanda," mu kuma mu ce, "A ba ta tabarma." Wadda na fi riƙewa ita ce ta kwaɗi.

Wai a wani tafki akwai kwaɗi masu waƙa, waɗanda duk damina su ne ke kiran hadari. A cikinsu akwai wani tsoho mai dasasshiyar murya, kullum shi ke riga kowa farawa, ya ɓata musu jerin. Ran nan suka yi taro a kansa. Masu son a kore shi suka yi ta surutu. Akwai kuma waɗanda ba sa so, har da jikokinsa, amma kowa ya ji nauyin buɗe baki, kada a ce yana goyon bayan nasa. Aka kore shi. Da hadari ya taso, kwaɗi suka jeru tsaf, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Hadari ya tsaya a kan tafkin, ya kasa kunne bai ji muryar da ya sani ba, ya wuce abinsa. Tafki ya ƙafe.

"Inna, to sai suka je suka dawo da shi?" muka tambaya.

"Ina hwa. Shamuwa ta tsince shi a hanya."

"Shi ke nan?"

"Mi kuke so in ƙara? Tatsuniya ta ɗauki sandarta ta tahi. Ku miƙo mani gyaɗata."

Mun ji haushin wannan tatsuniya ƙwarai. Mun ɗauka ta ƙirƙiro ta ne kawai don mu daina yi wa muryarta dariya, kuma ba mu daina ba.

Inna ta rasu ina makarantar sakandare. Ba ta bar hoto ba, don ba ta yarda a ɗauke ta. Abin da ya rage min nata kaset ɗaya ne da wani kawuna ya naɗa a wani biki a Kunduru. A ciki akwai waƙar da Ta-Bauranya ta yi wa mata masu noman gyaɗa, amshinta, "Ayye Kunduru, a ba mu mu ɓare." A tsakiyar waƙar Inna ta yi halin nata. Ta faɗa ita kaɗai, "Ayye Kundu—", ta ga babu kowa a bayanta, ta fashe da dariya, sannan sauran suka shigo. Duk duniya nan ne kaɗai ake jin muryarta ita kaɗai. Na daina saka kaset ɗin don tsoron kada rediyo ta cinye zaren, na adana shi a ƙasan akwati.

Bara ne Sanusi, jikan Ta-Bauranya mai situdiyo a Kankiya, ya ce zai tattara fitattun waƙoƙin kakarsa guda goma sha biyu a fitar da su tare, a riƙa tura wa mutane a waya. Ya buɗe zaure a WhatsApp, ya ce duk mai tsohon kaset ya kawo, kuma masoya su zaɓa. Ranar farko aka fara rigima. 'Yan Kusada suka ce in babu waƙar amarya to ba a yi komai ba. Wani direba ya ce waƙoƙin suna sun yi yawa. Matasa suna son a ɗora fiyano da ganga ta kwamfuta don a iya rawa da su a biki, dattawa suna cewa wannan cin amanar ƙwarya ne. Wata hajiya ta fita daga zauren sau biyu ana dawo da ita.

Ni waƙa ɗaya ta kai ni. Na kai wa Sanusi kaset ɗina hannu da hannu, sannan na zauna a zauren ina yi wa waƙar Kunduru yaƙi. Na ce kiɗanta ya fi na kowace tsari. Na ce ita ke nuna tarihin nomanmu. Na ce mutanen Kunduru za su ji an ware su. Babu hujjar da ban kawo ba, sai ta gaskiyar. Ina malamin makaranta mai furfura, in fito gaban mutane in ce ina son waƙa ne saboda kakata ta yi kuskure a ciki? Na ji nauyi. Kuma na yi tsoron a ce son kai ne.

Na ci nasara, aka sa ta ta tara a jerin waƙoƙin. Har barka aka yi min.

Ranar da Sanusi ya turo ta ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar. Fiyanon bai dame ni ba, na riga na haƙura da shi. Jira nake a iso wurin. Aka iso, aka wuce. Ta-Bauranya ta ba da baiti, 'yan amshi suka shigo tare tsaf, babu ko tangarɗa. Na mayar baya sau uku kafin na hau babur zuwa situdiyon Sanusi.

"Ai gyara na yi, Malam," in ji Sanusi, yana murmushi. "Akwai wata tsohuwa da ta shigo ba lokaci ba, har da dariya. Na yanke wurin na haɗe, ko ɗinkin ba ka ji."

"Ina na asalin, wanda ba ka taɓa ba?"

"Kwamfutar ta cika, na goge su bayan na gama."

"Kaset ɗin hwa?"

Ya jawo aljihun tebur. Zaren ya fito waje ya cukurkuɗe, wani wajen ya tsinke, wani ya narke ya manne. Ya ce ana gama kwafa injin ya cinye shi, ya yi niyyar gaya min ya manta.

"Kakata ce," na ce.

Murmushin ya ɓace. "Subhanallahi. Malam, don mi ba ka hwaɗa ba? Wallahi da ka hwaɗa da na bar ta."

Na san da gaske yake, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Babu wanda zan yi wa faɗa. Na tambayi duk wanda na sani daga Bauranya har Kunduru ko akwai wani kwafin, babu. Zauren kuwa yana nan yana rigimarsa a kan fiyano.

Shekara da shekaru ina zaton tatsuniyar nan a kan tsohon kwaɗon take. Sai yanzu na lura Inna ba ta taɓa zagin waɗanda suka kore shi ba. Inda take jan magana, har ta tsaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta saman wuta, shi ne wurin jikokin da suka yi shiru. Na fahimta, amma fahimtar ba ta dawo min da komai ba.

Waƙar ta karɓu, ana saka ta a bukukuwa. Kwanan baya ƙaramar 'yata ta kunna ta a wayar uwarta tana rawa a tsakar gida. Da aka zo wurin ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ayye Kundu—"

Ta tsaya, ta riƙe ƙugu tana dariya. "Baba, ka riga su! Ba a nan ake shiga ba."

"A nan ake shiga," na ce mata.